Audacity ko Reaper: wanne ya fi wajen karkatar da sauti da dusashe shi?

Malam, ka ce kana haɗa tallar wani shago na babbar kasuwar Garwa, kana son ƙarar babur ta taso daga kunnen hagu ta wuce zuwa na dama, sannan kiɗa ya lafa a hankali idan mai magana ya fara, kuma ka tambaya wace manhaja ce ta fi dacewa tsakanin Audacity da Reaper. Na yi aiki da kowacce, kuma inda suka fi rabuwa shi ne wajen tafiyar babur ɗin nan.

A Audacity, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2000, kowane layin sauti yana da ɗan majanyi mai L a gefe ɗaya da R a ɗaya gefen, sai dai inda ka ajiye shi nan sautin zai zauna daga farko har ƙarshe, ba ya motsi. Domin haka sai an yi dabara: ka kwafi layin babur ya zama biyu, ka tura na sama hagu gaba ɗaya, na ƙasa dama gaba ɗaya, sannan ka sa Fade Out (dusashewar sauti a hankali) a kan na hagu da Fade In (tasowarsa a hankali) a kan na dama a daidai daƙiƙu ɗaya. Idan manhajarka da Faransanci take, kamar yadda take a kwamfutocin yawancinmu a nan, za ka same su da sunan Fondu en fermeture da Fondu en ouverture. A Reaper kuwa, ka zaɓi layin ka danna harafin P, sai wani zare ya bayyana a ƙasansa. Ka ɗiga masa ɗigo biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, babur ya kama hanya, kuma duk lokacin da ka ga ya yi sauri sai ka ja ɗigon da linzami kawai.

Akwai abin da dabarar Audacity take haifarwa wanda ya kamata ka sani. Dusashewarta miƙaƙƙiya ce, saboda haka idan babur ya iso tsakiya kowane gefe yana ɗauke da rabin ƙarfi, wato ya ragu da desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma mai sauraro da lasifika biyu zai ji kamar ƙarar ta ɗan nutse kafin ta farfaɗo a dama. Reaper tana ba ka damar saita wannan ragi na tsakiya zuwa desibel 3 domin ƙarfin ya tsaya daidai a kunne. Amma abin mamaki, idan aka haɗe gefen biyu suka zama ɗaya, rabi da rabi cikakke ne, don haka dabarar Audacity ba ta nutsewa ko kaɗan a ƙaramar rediyo mai lasifika ɗaya. Na fahimci haka ne ranar da na kai wata talla wurin mai shayin unguwarmu na kunna ta a wayarsa: tafiyar da na ɓata rabin dare ina gyarawa babu wanda ya ji ta, abin da kawai suka lura da shi shi ne ko muryar ta fito sarai.

Wajen lafawar kiɗa ba su yi nisa da juna ba. Audacity tana da Auto Duck, wanda yake rage kiɗa da kansa muddin layin muryar yana ƙarƙashin na kiɗan, amma yana sauya sautin ne kacokan, kuma da ka rufe aikin babu komawa baya, sai ka adana kwafin asali tukuna. A Reaper kusurwar sama ta guntun sautin kake ja domin ya lafa, asalin fayil bai taɓu ba.

Reaper ba kyauta ba ce: gwajin kwana 60 ne, bayansa lasisin dala 60, abin da ya haura sefa 30,000. Ga talla ɗaya da yawancin masu jin ta a kasuwa da tasha suke, ni Audacity zan ɗauka, kuma ba zan tura babur ɗin ƙarshen kowane gefe ba, zan tsayar da majanyin a wajen kashi 70.