Fasa bam ɗin nukiliya don aikin masana'antu: Amurka ko Tarayyar Sobiyet, wa ya amfana?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko an taɓa cin riba da fasa bam ɗin nukiliya don haƙa ƙasa ko fitar da iskar gas. Ƙasashe biyu ne suka gwada da gaske, kuma sakamakonsu ya sha bamban.

Amurka ta fara shirin Plowshare a 1957 da lissafin cewa kuɗin bam ba ya ƙaruwa daidai da ƙarfinsa, don haka babban haƙa zai zo da araha. A 1962 gwajin Sedan a jihar Nebada, mai ƙarfin kiloton 104 (kiloton ɗaya daidai yake da ƙarfin fashewar tan dubu na nakiyar TNT), ya bar rami mai faɗin mita 390, zurfinsa kusan mita 100. Matsalar ita ce ƙurar mai guba da iska ta kwasa, ga yarjejeniyar taƙaita gwajin nukiliya ta 1963 ta hana irin wannan ƙura tsallake iyakar ƙasa. Shi ya sa aka ajiye tunanin haƙa sabon mashigin ruwa a yankin Panama da bam a 1970. A ɓangaren gas kuwa, an yi gwaje-gwaje uku na fasa bam a ƙarƙashin ƙasa don gas ya fito: Gasbuggy a 1967, Rulison a 1969, Rio Blanco a 1973. Gas ya fito, amma gauraye da tiritiyom, wani sinadari mai gubar nukiliya, ba mai sayensa. Daga baya fasa dutse da matsin ruwa ya yi wannan aikin ba tare da guba ba.

Sobiyet ta fasa bam 124 don irin waɗannan ayyuka daga 1965 zuwa 1988, kuma a ganina ta fi iya zaɓen aiki. A Urta-Bulak ta Uzbekistan, rijiyar gas ta shafe kusan shekara uku tana ci da wuta. A 1966 suka haƙa rami a karkace zuwa zurfin kimanin mita 1,500 daura da rijiyar, suka fasa kiloton 30, dutsen ya matse ramin rijiyar, wutar ta mutu. An kuma yi amfani da 39 daga cikin bama-baman wajen auna tsarin ƙarƙashin ƙasa ta hanyar girgiza. Amma ramukan ajiya da suka buɗe cikin dutsen gishiri kusa da birnin Astrakhan na Rasha yawancinsu sun tsuke, ruwa ya shiga wasu.

Abin lura, inda aka yi nasara galibi ayyuka ne da ba a sayar wa jama'a abin da ya taɓa wurin fashewar. Da zarar gas ko ruwa zai isa gidajen mutane, kuɗin tsaftacewa da sa ido na shekaru masu yawa ya cinye rarar. Yarjejeniyar hana gwajin nukiliya ta 1996 ba ta keɓe fashewa don aikin lumana ba.