Set ɗin fentin Phantom na Biyetnam: koren ya yi, amma kalar ƙasar nan a'a wallahi

Jama'a wannan set ɗin fentin ƙananan jiragen roba da muke haɗawa, mai kwalba shida, da ake ta tallatawa da hoton jirgin yaƙin nan F-4 Phantom a jikin kwali, wanda aka ce wai kalolin sojan saman Amurka ne na lokacin yaƙin Biyetnam, na saya na yi aiki da shi kuma gaskiya har yanzu raina a ɓace yake. Kun san nawa yake, kun kuma san yadda kuɗin kawo kaya daga waje ya koma, ba sai na tsaya lissafi ba. Ni ba hoton kwalin ne ya ja ni ba, lambobin da suka buga ɓaro-ɓaro a jikin kwalaben ne suka sa na cire kuɗina, 34079 da 34102 da 30219 da 36622, sai 36231 na mazaunin matuƙi da baƙi na hancin jirgi. Duk wanda ya taɓa haɗa jirgin Amurka na wancan zamanin ya san waɗannan huɗun na farko su ne dabbare-dabbaren da suka fara shafa wa jiragensu wajen 1965, kore mai duhu, kore mai ɗan haske, ruwan ƙasa, sai toka mai haske a ƙarƙashin jirgi. Kafin nan F-4C na farko ma da kalar sojan ruwa suka zo, toka a sama fari a ƙasa.

F-4C nake haɗawa, sikelin 1/48, wato kashi ɗaya cikin 48 na tsawon jirgin gaske, kuma so nake ya fito a matsayin jirgin da ake wa laƙabi da Scat XXVII na Robin Olds, wanda ya jagoranci runduna ta 8 a Ubon ta ƙasar Tailan a 1967, jirgin ma yana nan ajiye a gidan tarihin sojan sama da ke Dayton a jihar Ohio. Na sha wahala a kansa ba kaɗan ba, musamman bakin iskan nan guda biyu na gefe inda inji ke shaƙar iska, kowa ya san ciwon kan Phantom a nan yake, cika rami, goga, sake cikawa, sake gogawa har sai da layin haɗin ya ɓace gaba ɗaya. Na fesa firaima, wato fentin share fage, ruwan toka ya kwanta lafiya lau, na fesa 36622 a ƙarƙashin jirgi shi ma babu laifi.

Sai aka zo kan 30219. Kamar yadda aka saba na fara gwadawa a bayan cokalin roba, da ya bushe na fito da shi tsakar gida cikin hasken rana sai na ga kamar yana ɗan ja, ba sosai ba amma ido ya kama. Na ɗauki hoto na tura wa mai kayan, na ce Malam duba min wannan anya kuwa, ya ce haba yallaɓai kada ka damu, haka yake yi kafin a sa banish, wato man nan da ake rufe fenti da shi, da zarar ka rufe shi da banish mara sheƙi zai zauna daidai, ai kowa haka yake samu. Mutum ne mai sayar da kayan nan kullum, ya yi maganar kuma babu ko shakka a bakinsa, to na yarda. Na fesa shi a duk inda ya kamata, na jira ya bushe, na rufe da salatif na takarda da ɗan kwaɓin nan da muke naɗawa don gefen kala ya yi laushi, na fesa koraye biyun, na cire, na sa banish ɗin da ya ce. Wallahi tallahi jirgin nan ya fito ruwan hoda. Ba wai ruwan ƙasa mai ɗan ja ba, hoda sosai kamar bangon ɗakin amarya, ga shi kuma zaune kusa da kore mai duhu sai jan ya ƙara tashi, ko daga bakin ƙofa ka hango shi abin da za ka fara gani kenan. Ƙanena da bai san komai a harkar ba ya leƙo ya ce Yaya wannan na mata ne?

Na koma wa mutumin, sai labari ya canza. Yanzu kuma wai ai da gangan kamfanin ya yi, wai jiragen can rana ta ƙoɗar da su, wai ga kuma batun sikeli, ƙaramin jirgi dole kalarsa ta fi ta babba haske. To ni ba baƙo ba ne a wannan maganar. E, rana da damina na kudu maso gabashin Asiya suna cin fenti, ruwan ƙasan ma ya fi saurin nuna ƙoɗewa, ga faci-faci inda makanikai suka sake shafawa, kuma e, da yawanmu muna ɗan ɗiga fari ko toka saboda sikeli. Amma wannan aikina ne, ni zan yanke yawan da nake so da kuma inda nake so, saman fiffike daban gefen jiki daban. Idan ka rubuta 30219 a kwalba to 30219 nake tsammanin samu a ciki. Lambar nan ba ado ba ce, tsarin lambobin kala na gwamnatin Amurka ne da ake kira FS 595, 3 na farko na nufin babu sheƙi, 0 na biyu na nufin dangin ruwan ƙasa, da dangin ja ne da 1 za a gani a wurin. Kuma dalilin da ya sa muke manne wa lamba shi ne ba mu da abin dogaro da ya fi ta, hotunan wancan lokacin fim ne ya tsufa wani ya yi shuɗi wani ya yi rawaya, allon waya kowanne da yadda yake nuna kala, jiragen gidan tarihi kuwa akasari an sake musu fenti. In kwalbar ma ta yi maka ƙarya ina za ka kama?

Don kada a ce idona ne, na je wurin wani abokin harka da yake da fentin wani kamfani daban, Mr. Color 310, wanda shi ma 30219 ne, muka fesa a cokali muka jera su a rana. Nasa ruwan ƙasa ne sak, nawa kuwa ko kusa. Ya yi ta dariya, ni ko murmushi ban iya ba.

Amma fa in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka, korayen nan biyu sun burge ni. Da yawan set ɗin da ake kawowa za ka ga 34079 da 34102 sun kusa zama abu ɗaya, in ka ja baya kaɗan sai jirgin ya koma kala biyu maimakon uku, to wannan ba haka yake ba, bambancin ya fito tsaf, mai duhun yana da duhunsa mai hasken kuma yana da ɗan zaitun ɗin nan da ake so. Na jera su da korayen Mr. Color 309 da 303 na abokin nawa, kusan ba ka rabewa. Fentin kuma yana bin bindigar feshi da kyau, laushi gare shi, baya rufe ƙananan layukan jikin jirgi, wari ma babu sosai tunda na ruwa ne, a ɗaki nake aiki ba wanda ya yi ƙorafi. Yana bushewa a bakin allurar bindigar a lokacin hunturu amma wannan duk fentin ruwa haka yake yi a iskar nan tamu, ɗigo ɗaya na ruwan hana saurin bushewa ya wadatar. Har na fara cewa a raina to kwalba biyar cikin shida ai ba a yi asara ba, a ba su tauraro huɗu a wuce wurin.

Sai da na zauna wanke jirgin sannan haushin ya dawo sabo. Domin ba yadda za a yi ka gyara ruwan ƙasan kaɗai, shi ne a ƙasa koraye a kansa, ga banish ya rufe duka, in ka ƙara wani a sama gefen ya yi tudu. Dole na sa sifirit na goge komai, korayen da nake yabo suka tafi, firaima ta bi su, kuma a bakin iskan nan da na sha wahala abin cikon ya jiƙa ya zaizaye, layin haɗin da na kashe ya dawo yana kallona. Wani ƙaramin eriya na baya ma ya karye garin gugar. Sa'a ɗaya ban riga na manna sitikun ba, da taurarin jan nan na jikin bakin iska sun tafi kenan, kuma kun san ba a nan ake samun su ba.

Abin da ya fi ci min rai ma ba kamfanin ba ne, kuskure a wurin haɗa kala yana faruwa, wataƙila rukunin da aka zubo ne ya lalace. Mutumin da na nuna wa cokali tun kafin na taɓa jirgi ya ce min in ci gaba, shi ne. Da ya ce bai sani ba, da na tsaya na nemi wani. Na ce ya musanya min kwalbar guda ɗaya kawai, ya ce an riga an buɗe, to da yaya zan san kalar in ban buɗe ba Malam? Daga nan saƙo yake karantawa baya amsawa.

Tauraro biyu na ba su, kuma albarkacin koren ne. In kun riga kun saya ku yi amfani da 34079 da 34102 da tokar ciki hankali kwance, 30219 kuwa ku nemo na wani wurin, kada wanda ya ce muku banish zai gyara. Da na yi niyyar ɗauko set ɗinsu na jiragen Rasha saboda MiG-21 da nake son yi da tambarin sojan saman Najeriya, irin waɗanda aka fara kawowa a 1975, amma mutanen da suka kasa ruwan ƙasa ba zan ba su amanar shuɗi-koren nan na mazaunin matuƙin MiG ba. Ragowar kwalbar hodar kuma na ajiye, in na ɗiga mata fari kaɗan za ta yi fuskar matuƙi.