Wace hanya ta fi dacewa wajen gyara fayil a kan kwamfutar nesa?

Duk wanda ya ƙawata alamar jiran umarni ta shel ɗinsa (shirin da ke karɓar umarnin da ake rubutawa) da launuka da sunan reshen Git, ta hanyar Oh My Zsh ko Starship, ya sani cewa wannan ado yana iya hana shi gyara fayil daga nesa. Ni kaina na taɓa ɓata rabin yini ina kallon Emacs, manhajar gyara rubutu, ya tsaya cak, ina ɗora wa intanet laifi, ashe wata kibiya mai launi ce da na saka a .zshrc, fayil ɗin saitunan shel ɗin Zsh.

Duk da haka TRAMP, shirin gyara fayilolin nesa wanda ya zo cikin Emacs tun fitowar 22.1 a 2007, shi ne zaɓina, domin ba ya buƙatar a girka komai a can. Yana shiga ta ssh, hanyar shiga kwamfutar nesa cikin tsaro, ya jira alamar da ta ƙare da $ ko # ko % ko >, sannan ya fara aika umarni; idan bai gane ta ba, sai ya yi ta jira. Da yake yana gabatar da kansa da sunan dumb, maganin layi ɗaya ne a saman .zshrc na kwamfutar nesan:

[[ $TERM == "dumb" ]] && unsetopt zle && PS1='$ ' && return

Idan ba ka son taɓa fayil ɗin, ka rubuta /sshx: a maimakon /ssh: a farkon sunan fayil ɗin da za ka buɗe a Emacs, wanda zai buɗe /bin/sh ba tare da adon ba.

Alamar ba ta damun sshfs, wanda ke nuna fayilolin nesa kamar suna kan kwamfutarka, amma yakan maƙale idan layi ya yanke. Remote-SSH, kayan ƙari na manhajar gyara rubutu VS Code, kuwa yana girka nasa shirin a ~/.vscode-server, abin da ke yi wa ƙaramar kwamfuta nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa suna da maganin nan take, su ba ka umarnin curl da ke sauko da rubutu daga intanet ya zuba shi kai tsaye cikin shel ɗin sh. Kada ka kunna abin da ba ka karanta ba, domin zai yi aiki da cikakken ikonka, har ya kai ga makullanka da ke ~/.ssh. Haka kuma ana samun kayan ƙari na jabu masu suna kusan iri ɗaya da na gaske, saboda haka ka tabbata mawallafin Remote-SSH Microsoft ne. Wasu saitunan da ake kwafowa ma suna saka echo a .bashrc, wanda ke lalata shirye-shiryen tura fayiloli sftp da rsync gaba ɗaya.