Wane Babur Ya Dace da Tafiyar Dajin Ostireliya?

Mai niyyar ratsa tsakiyar Ostireliya a kan babur, kafin ya tambayi ƙarfin inji, ya fara tambayar abu biyu: lita nawa tankin ke ɗauka, kuma idan babur ɗin ya faɗi cikin rairayi, zai iya ɗaga shi shi kaɗai?

Dalili kuwa hanyoyin can iri biyu ne. Akwai kwalta, irin Stuart Highway da ta tashi daga Port Augusta ta bi ta Coober Pedy da Alice Springs har Darwin, sama da kilomita 2,700. Ko a kanta, tsakanin Glendambo da Coober Pedy akwai kimanin kilomita 250 babu gidan mai. Sai kuma burji: Oodnadatta Track daga Marree zuwa Marla, kimanin kilomita 620, da Birdsville Track mai kilomita 517, wadda daga zangon Mungerannie da ke kanta, idan ka nufi garin Birdsville, sai ka yi sama da kilomita 300 kafin ka sake ganin famfon mai.

Idan kwalta kawai za ka bi, BMW R 1250 GS Adventure ba shi da na biyu wajen hutu. Tankinsa lita 30, ba ya amfani da sarƙa balle a yi ta shafa mata mai kowace yamma, kuma idan tirelar nan mai jan ɗoriya uku, wadda tsawonta kan kai mita 53, ta wuce ka da iskarta, nauyinsa na riƙe shi. To amma nauyin nan kusan kilo 270 ne, ba a ɗora kaya ba tukuna. Ka ƙara ruwa da tanti da jaka, sannan ka shiga gargadar Oodnadatta inda tsakuwa ke gudu ƙarƙashin taya. Ya kife sau ɗaya, kana nan tsaye da hular kwano a hannu, ƙudaje sun rufe maka fuska, kana jiran wata mota da ba ka san sa'ar zuwanta ba. Ga tsada, ga shi in na'urarsa ta yi gardama sai an kai shi babban birni.

Suzuki DR650 shi ne kishiyarsa, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai son burji. Silinda ɗaya, kabureta, kimanin kilo 166, babu wata kwamfuta a jikinsa. Duk bakaniken da ke gyaran injin gona a ƙauyen daji zai iya kwance shi. Aibinsa biyu ne: tankin asali lita 13 kawai, kujerar kuma kamar benci, bayan awa biyu kowa ya san yana zaune. Shi ya sa kusan duk wanda ya yi tafiya da shi ya sauya masa babban tankin roba mai lita 20 zuwa 30. In za ka sayi na hannu, nemi wanda an riga an yi masa wannan aikin. Kuɗin ya fita daga aljihun wani.

Kawasaki KLR650 na tsakiya ne. Ya zo da lita 23 tun daga kamfani, farashinsa da sauƙi, sai dai ya haura kilo 200 kuma ba shi da kuzari. Yamaha Ténéré 700 ya fi shi daɗin tuƙi nesa ba kusa ba, silinda biyu, tayar gaba inci 21 da ke yanka rairayi, amma lita 16 ɗinsa na bukatar a riƙe jarka a hanyar Birdsville. Kujerarsa ma da tsawo, gajere ya hau ya gwada kafin ya biya.

Akwai masu ratsa dajin da Honda CT110, ɗan ƙaramin babur ɗin da masu raba wasiƙu suka daɗe suna hawa a ƙasar. Yana zuwa, sannu ba ta hana zuwa, amma sai mai haƙuri.

Saye ko haya? Tafiyar mako biyu haya ta fi, muddin ka karanta takardar da kyau, domin wasu masu haya ba sa yarda a sauka daga kwalta, kuma inshora kan faɗi idan an saɓa. Daga wata biyu zuwa sama, saye da sayarwa daga baya ya fi riba. Ka lura dokar rajista da canjin suna ta bambanta daga jiha zuwa jiha.

Kada kuɗin su ƙare a kan babur. Ware na taya mai manyan haƙora, tiyub na ajiya, kayan faci, da na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan'adam, don sabis na waya yana ɗaukewa da zarar ka bar gari. Tsara tafiyar tsakanin Mayu da Satumba, domin zafin Disamba da Janairu kan wuce digiri 45. Kuma kowane babur ka saya, ka ajiye shi kafin magariba, lokacin da kangaru ke tsallaka titi.