Allurar hayaluronik asid a kafaɗa: ta rage, ba ta warkar ba

Noman rani nake yi a fadamar Argungu, kuma kafaɗar dama ta daɗe tana ba ni wahala. Da rana da sauƙi, amma da dare in na juya na kwanta a kanta sai na farka. Sa babbar riga ma sai yaro ya kama mini. Mai ɗori ya gasa, an yi ƙaho, na sha maganin ciwo na dikilofenak har gyambon ciki ya taso. Da aka ɗauki hoton ƙashi a Birnin Kebbi, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne: guringuntsin da ke kan ƙashin ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi.

Allurar da aka fi yi wa irin wannan ciwo ita ce ta sitiroyid, mai araha mai saurin aiki. To, ni ina da ciwon suga, ita kuwa tana ɗaga suga na wasu kwanaki. Shi ya sa aka kawo maganar hayaluronik asid. Wani sinadari ne mai yauƙi wanda dama Allah ya halitta a cikin ruwan gaɓa, aikinsa kamar na baƙin mai a injin ban ruwa. A da daga zankon zakara ake tatso shi, yanzu akasari da ƙwayoyin bakteriya ake haɗa shi a masana'anta. Likitan bai ɓoye mini komai ba. Ya ce a Amurka tun 1997 aka amince da ita, amma domin gwiwa; a kafaɗa likitoci na yin ta ne bisa ganin dacewa, kuma ba kowa take karɓa ba.

Da sikanin aka duba aka saka allurar cikin gaɓar, wannan kuwa ya kwantar mini da hankali, don kafaɗa ba wurin lalube ba ce. Zafin shigarta bai kai yadda na zata ba. Washegari ne wurin ya yi nauyi ya ɗan kumbura, na riƙa ɗora ƙanƙara har ya sace.

Sai jira. Nan ne mai gaggawa zai ce an ci kuɗinsa, don makonnin farko ban ga komai ba. A hankali barci ya dawo, na fara ɗaga hannu a kabbarar salla ba tare da cije baki ba, riga kuma ina sawa da kaina. Ɗaukar buhu dai har yau babu. Ƙarar ƙas-ƙas da kafaɗar ke yi tana nan, kuma da sanyin hunturu ya shigo, bayan wata biyar zuwa shida, ciwon ya fara leƙowa. Allurar ba ta tsirar da sabon guringuntsi, duk wanda ya ce maka tana yi, kasuwa yake nema.

Tsada gare ta ƙwarai, daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala. Rabin sauƙin da na samu ma ina ganin na motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya mini ne, wanda kusan kyauta ne. Kuma kada kowa ya je kemis ya ce a caka masa. Ciwon kafaɗa iri-iri ne, wani yagewar jijiya ce, wani sandarewar kafaɗa wadda ta fi kama mu masu suga, kowanne da maganinsa. Ni dai zan sake yi, amma sai an sayar da shinkafar bana.