Babban keji ko ƙarami ga kwikwiyo mai fitsari a makwanci

Babban keji yana ba kwikwiyo sarari, kuma nan matsalar take: sai ya yi fitsari a kusurwa guda, ya koma wata ya kwanta, har ya saba. Ƙarami, daidai tsayuwa da juyawa da kwanciya, ya fi, domin kare ba ya son ɓata wurin barcinsa. Amma da sharaɗi: ɗan wata 2 ba ya riƙe fitsari fiye da awa 2 zuwa 3. Dole a fitar da shi bayan ci, da ya farka, da tsakar dare, in ba haka ba cikin jiƙa zai kwana. Wanda ya riga ya sayi babba, ya raba shi gida biyu da katako. Fitsari kaɗan-kaɗan akai-akai kuwa, sai likitan dabbobi ya duba mafitsara.