Labarin cefane daga Granada

Yaya Hajiya, bayan gaisuwa, da fatan Inna da yara duk suna lafiya. Kin ce in ba ki labarin cefane a Sifaniya, to ga shi.

Nan babu mudu, babu gyara, babu "nawa za ki rage". Komai a ƙunshe yake da farashi manne a jikinsa. Ƙananan shaguna kan rufe wajen ƙarfe 2 na rana sai 5, ranar Lahadi kuwa yawancinsu ba sa buɗewa sam. Manja da daddawa sai a shagon 'yan Afirka, da tsada.

Abin da ya sauƙaƙa min kasuwa shi ne sunayen kayan. Musulmi sun shigo ƙasar nan a 711, mulkinsu a Granada bai faɗi ba sai 1492, kuma Larabcinsu ya zauna a bakin mutane. Sukari "azúcar" ne, daga as-sukkar. Za'afaran "azafrán", shinkafa "arroz", wake "alubia". Har da "al" ɗin Larabci suka haɗiye, yadda muka yi a albasa da alkama. Zaitun "aceituna" suke ce masa, mansa kuma "aceite". Wannan man da muke saye a 'yar kwalba a ajiye don magani, a nan da shi ake suya, a jarka mai lita 5. Tumatir da gyaɗa kuwa sunayensu daga Meziko suka zo, "tomate" da "cacahuete".

A kayan zaƙi ne nake taka-tsantsan. Disamba na kamawa shaguna ke cika da "turrón", wata irin alewa ta garuruwan Jijona da Alicante: almon (wata ƙwaya mai kama da gyaɗa), zuma, sukari da farin ƙwai. Mai taurin kamar kantu yake, sai dai almon ne a madadin riɗi. A gefensa ake jera "mantecados" da "polvorones", wasu irin biskit na garin Estepa, naɗe cikin takarda gwanin sha'awa, kuma da kitsen alade ake yin yawancinsu. Sunan "mantecados" ma daga "manteca" ne, wato kitse. Wannan yana damuna ƙwarai saboda sababbin zuwa, don babu wanda zai gaya musu. Dole a juya kwali a duba ko an rubuta "manteca de cerdo", wato kitsen alade, kafin a biya.

Nama wajen 'yan Maroko nake saye. Turrón zan aiko muku da shi idan na sami mai tafiya Kano. Ki gaishe min da Inna.